Koren Fenti

Da masu sayen kaya na ƙasashen waje suka ce ba za su ƙara karɓar batir daga hannun mai ɓata ƙasa ba, sai kamfanin batir ɗin garin ya tuba dare ɗaya. Da fenti ma aka fara tuban. Ƙofar shiga ta zama koriya, motoci kore, rigunan ma'aikata kore, kwandon shara ma bai tsira ba. Aka ɗauko wani bawan Allah mai sanyin hali daga sito, aka ba shi ofis da fanka, aka rubuta "Jami'in Muhalli" a ƙofa. Kafin ya gama ɗumama kujerar, ma'aikata sun raɗa masa Malam Kore, sunan kuwa ya bi shi har gida.

Babban aikinsa sau ɗaya ne a shekara, ranar baƙi. A tsakar kamfanin akwai wani famfo mai ƙyalli, an kewaye shi da furanni, an kafa allo cewa wannan ruwan wankin batir ne bayan an tace shi. Ranar baƙi sai a kawo yaran makarantar da kamfanin ya gina wa unguwa, a zaɓi ɗaya ya tari ruwan a kofin gilashi ya shanye a gaban masu ɗaukar hoto. A tafa, a ci abinci, a watse.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne, bututu biyu ke shiga famfon nan ta ƙarƙashin ƙasa, makunninsu kuma, ɗaya ja ɗaya shuɗi, suna wani ɗan ɗaki a bayan sito. Ja shi ne na tankin tacewa, wanda injinsa ya daɗe da mutuwa, an bar shi a haɗe ne kawai don masu bincike su gani. Shuɗi kuwa daga rijiyar burtsatse yake. Malam Kore zai shiga da safe ya buɗe shuɗi, ya tabbatar ja na rufe, shi ke nan. Ruwan da ke bin jan makunnin garau yake kamar na sama, ido ba ya gane shi. Amma a bayan katanga, inda yake malala, ciyawa ba ta fita, awakin unguwa ma da ke cin leda da kwali sukan shinshina su yi gaba.

Yakan lallashi kansa da cewa ai ba a cuci yaron da ya sha ba, ruwa mai kyau aka ba shi. Da wannan yake samun barci.

Bana sai aka zaɓi Auta, 'yarsa. Ita ta zo ta ɗaya a aji, ba wanda ya yi mata alfarma. Yarinya ta hana gida sakat. Ta tsaya gaban madubi da kofi tana gwada yadda za ta ɗaga kai, yadda za ta goge baki.

"Ke kam sai ka ce ba ki taɓa shan ruwa ba," in ji uwarta tana yi mata kitso. "Zauna mini da kyau. Malam, ka ga 'yarka, ta kusa ƙarar mana da randa wajen gwaji."

Ya yi dariya. Har ga Allah ya ji daɗi, don ya san ruwan da za ta sha.

Da safiyar ranar baƙi ya ɗauki makulli ya nufi ɗan ɗakin. Tun daga nesa warin sabon fenti ya tare shi. Manaja ya sa an sake bin kamfanin lungu-lungu, ya ce kada a bar masa ko ƙusa da wani launi, masu fentin kuwa mutanen kirki, sun cika umarni. Makunni biyu na nan gefe da gefe, kore shar, fentin ko bushewa bai gama yi ba.

Na dama ne ko na hagu? Shekara da shekaru yana shigowa nan, bai taɓa kula ba, launi kawai yake bi. Ya sa makulli ya kankare fentin. Ashe sai da suka goge tsohon launin tas da takardar yashi kafin su shafa sabo, ƙarfe ne kawai ya bayyana. Ya bi bututun da ido, duka biyun sun nutse cikin siminti. Mai gyaran famfon da ya haɗa su an sallame shi tuni, lokacin rage ma'aikata.

Ya sami Manaja a bakin ƙofa yana gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, an yi wa makunnin fenti. Ban gane wanne ne ba."

"Wanne kake buɗewa kullum?"

"Shuɗi."

"To buɗe shi mana." Manaja ya dube shi sama da ƙasa, murmushin da ya tanadar wa baƙi na nan a fuskarsa. "Malam Kore, kwangilar da ke ciyar da kowa a nan tana cikin motocin can da ke shigowa. Kada ka kawo mini wasa yau."

Ya koma ya tsaya gaban makunnin. Ya rufe ido ya miƙa hannu yadda ya saba, ko jiki zai tuna abin da kai ya manta. Hannun ya sauka kan na hagu. Ya murɗa, ya ji ruwa ya kama hanya. Ya so ya je ya ɗanɗana, amma an riga an ɗaure kan famfon da koren ƙyalle wanda babban baƙo zai yanke, mutane sun cika rumfa.

Aka yi jawabai. Manaja ya ce su ba don riba suke wannan ba, amana ce ta 'ya'ya da jikoki, har muryarsa na rawa. Mutumin nan ya iya baki, a ba shi abinsa. Malam Kore bai ji rabin maganar ba. Idonsa na kan Auta, tana gaban layin yara da farar safa, tana leƙensa tana murmushi.

Aka yanke ƙyalle. Ruwa ya zubo garau, Manaja ya cika kofi ya ɗaga shi sama don hoto. Auta ta miƙa hannu biyu.

Malam Kore bai san lokacin da ya isa wurin ba. "Bari uba ya fara," ya ce, ya karɓe kofin ya kafa kai.

Kurɓin farko bai ji komai ba. A na biyu ne wani ɗan zaƙi-zaƙi ya biyo, irin na wanda ya tsotsi tsohuwar ƙusa, sannan haƙoransa suka mutu kamar ya ci ɗanyen lemo. Na hagu ba shi ba ne. Ya haɗiye sauran da ƙyar don kada ya rage mata.

Rumfa ta kaure da tafi. Babban baƙo ya miƙe tsaye yana jinjina, wai ga ma'aikacin da ya yarda da aikinsa. Manaja ya ji daɗin abin ƙwarai, ya karɓi kofin ya sake cikawa.

"To, saura 'yar Baba."

Auta ta dubi ubanta. Ga lasifika a kusa da bakinsa, kalma ɗaya ta isa. Ya dubi Manaja, ya dubi layin ma'aikata cikin korayen riguna, ya hango matarsa can baya tana ɗaga hannu. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

"Ranka ya daɗe, cikinta ba daɗi tun safe," ya ce a hankali. "A yi mata haƙuri."

"Baba, lafiyata ƙalau."

Ya damƙe hannunta ya ja ta gefe. Manaja bai ɓata lokaci ba, ya juya ya miƙa kofin ga ta biyu a layi. 'Yar maƙwabciyarsu mai ɗinki ce, wadda ke cin abinci kwano ɗaya da Auta, ita ma Baba take ce masa. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta shanye tas. Ta yamutsa fuska kaɗan, sannan ta tuna da masu hoto ta yi murmushi. Sai babban baƙo ya ce ai bai kamata a bar sauran yaran ba, a kawo kofuna.

Auta na kuka tana fizge hannunta. "Baba, ni aka zaɓa. Me ya sa kowa zai sha ban da ni?"

Ya ƙara matse hannun, yana kallon layin yana matsawa gaba.