Makin Lahadin Farkon Wata

Shekara talatin da takwas Raelene tana lallasa yayanta Warwick a wasa ɗaya tak. Wasan kwamfuta ne na zamanin da, a kaset yake, irin wanda sai ka dafa shayi ka shanye kafin ya gama lodi. Wani ɗan mutum ne ke hawa tsani da galan ɗin mai zai kunna fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, tsuntsaye suna kai masa caka. Warwick ne ya aiko mata da shi daga Kanada shekarar da ya koma can, tun tana budurwa.

Gidansu ba a iya hira ba, haka Allah ya yi su. Ko rasuwar uwarsu a minti huɗu suka gama maganarta. Amma duk Lahadin farkon wata da safe Raelene za ta kira shi daga garinsu Whyalla, ta faɗi makinta, ya faɗi nasa, ta yi masa tsiya.

"Dubu goma sha ɗaya? Kai tsoho, da ƙafa kake bugawa?"

Daga nan sai a taɓa zancen sanyi da ciwon gwiwa, a ajiye waya. Banda wannan kiran, wayarta sai ta yi sati ba ta yi ƙara ba.

Ana nan, ran wata Talata kwamfutar ta yi tsit, sai ƙauri. Ta naɗe ta a tawul ta kai wa Stavros, tsohon mai gyaran talabijin da ya mayar da garejinsa shago. Ya buɗe, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Wannan ta riga mu gidan gaskiya, Rae. Amma zan zuba miki wasan a wani ɗan akwati na zamani."

Ranar Juma'a ta je karɓa. Yana kunnawa ta ɓata rai. Kiɗan da ta sani mai tafiyar hawainiya ya koma kamar ana korar sa, tsuntsayen kuma sun haukace.

"Ka ɓata shi."

"Ni? Gyara shi na yi. Don injin Kanada aka rubuta shi. Talabijin ɗinsu sau sittin yake sauya hoto a daƙiƙa, namu sau hamsin, shi kuma wasan da wannan yake auna gudunsa. Ke duk shekarun nan a hankali yake yi miki." Ya kwashe da dariya. "Ashe da gurgun doki kike tsere!"

Ba ta taya shi dariyar ba.

Kwana biyu tana fama a teburin kicin, shayi na hucewa a gefe. Ita da ke wuce dubu goma sha biyar ido rufe, yanzu ko hawa na uku ba ta kaiwa. Kunyar ba ta dame ta sosai ba, tsoro ne ya kama ta. In babu maki babu tsiya, to me za ta ce masa? Ta san kanta, ta san shi. Za su yi shiru sau ɗaya, sau biyu, sai wata ya wuce ba wanda ya kira.

Lahadin farkon wata ta zo. Ta yi niyyar shirga ƙarya, har ta rubuta lamba a bayan ambulan. Da ta ji muryarsa sai ta kasa.

"Warwick, ashe cuta nake yi maka. Nawa injin a hankali yake tafiya. Ban taɓa cin ka ba, ko sau ɗaya."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari.

"Sai yanzu kika sani? Tun shekara ta biyu na gane, da kika kara mini kiɗan a waya."

"Amma ka yi shiru? Mugu kawai!"

"Da na faɗa ai kin yi zuciya kin daina. Na san halinki."

Ta gyara riƙon wayar. Tana jin ƙarar firij ɗinsa daga can wata duniya, ba motsin kowa a gidan, kamar nata.

"Tunda yau ranar tonon asiri ce," in ji shi, "ni ma kwamfutata ta mutu. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ko da tana nan ma, hannun nan rawa yake yi, kofi da ƙyar nake riƙewa."

"To makin da kake ba ni fa?"

"Jira nake ki faɗi naki, in rage kaɗan."

Raelene ta dafa teburin. Tausayinsa ya kama ta, da haushi, da wani kaɗaici da ba ta taɓa yarda tana da shi ba. Shirun da take gudu ya zo ya zauna, ya yi tsawo, har ta ɗauka layin ya yanke.

"Rae? Kina nan? Nawa kika ci wannan watan?"

Ta share hanci da bayan hannu.

"Dubu huɗu da ɗari biyu."

"Kash," in ji Warwick. "Ni dubu huɗu da ɗari ɗaya."