Ajin da Ya Fara Daga Mako na Ashirin da Shida

Saƙon ya iso ranar Litinin: sufeto zai zo cibiyar ilimin manya ranar Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma. Shi ke sa hannu a takardar da ke ba aji damar zama jarrabawar samun shaida. Ajin da ya ƙi sa wa hannu sai ya jira shekara guda.

Malama na koyar da lissafi a aji mai mutum goma sha tara, goma sha shida daga cikinsu teloli ne. Ƙaraminsu shekararsa ashirin da uku, babbansu ya haura sittin. Shaidar suke nema, domin masana'antar ɗinkin da aka buɗe a ƙarshen titin ba ta ɗaukar wanda ba shi da ita, komai kyan hannunsa.

Manhajar lissafin mako talatin ce, a jere: ƙidaya, tarawa, ɗebewa, ninkawa, doguwar rabawa a mako na tara, rabi da kwata a mako na ashirin, awo a mako na ashirin da shida. Malama ta bi jerin har mako uku. A mako na uku mutum bakwai suka rage a ajin. Wata rana tana sa su ƙidayar murafun kwalba, sai dattijon ajin, wanda kowa ke kira Baba Almakashi, ya ture nasa gefe.

"Malama, shekara arba'in ina yanka kaya ban taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Yanzu na rufe shago na zo ƙirga murfi?"

Washegari ta ce kowa ya zo da tef ɗinsa na awo. Ta tsallaka zuwa mako na ashirin da shida, ta fara da abin da ke rataye a wuyansu. Daga inci suka shiga rabi da kwata, daga nan suka dawo tarawa, saboda hannun riga biyu sai an haɗa su. Cikin kwana goma ajin ya sake cika. A littafin darussa kuwa ta riƙa rubuta abin da ta koyar yadda ya zo: ɗaya, biyu, uku, ashirin da shida, ashirin, biyar. Shafin mako na tara bai samu ko ɗigo ba.

Ranar Talata shugaban cibiyar ya kira ta ofis. Ya buɗe littafin, ya rufe, ya ciro wani sabo daga durowa.

"Wannan ba littafin darussa ba ne, lambar waya ce," in ji shi. "Ki kwafe shi a nan, a jere, daga ɗaya zuwa inda muke. Kowa haka yake yi."

"Yallaɓai, mako na tara fa? Ban koyar ba."

"Takarda ta san ba ki koyar ba?"

Ta karɓi sabon littafin. Ranar Laraba da safe ta kwafi mako takwas a teburin ɗakin malamai, da rubutu mai kyau. A na tara ta tsaya. Ba tsoron Allah kaɗai ya tsayar da ita ba. Ta lissafa cewa in sufeto ya ga kwanan wata a shafin, ya tambayi ajin, su kuma suka ce ba su taɓa ji ba, to ba jinkirin shekara kawai za a yi ba, har aikinta zai tafi. Ta mayar da sabon cikin jaka. Ranar Alhamis tsohon littafin ta ɗora a tebur.

Sufeton ya iso ƙarfe huɗu saura minti biyar. Gajere ne, da tabarau da jaka mai zik ɗin da ya lalace. Ya ƙi kujerar da shugaba ya kawo masa, ya zauna a bencin baya kusa da Dogo, telan da ke ɗinka labule. Ya daɗe yana juya littafin.

"Biro nawa kika yi amfani da su a nan?"

"Ban ƙirga ba, Yallaɓai."

"Ni na ƙirga. Biyar, har da fensir." Ya cire tabarau. "Littafi goma sha ɗaya na duba a watan nan. Tara daga ciki biro ɗaya ya rubuta su daga mako na farko zuwa na ƙarshe, bai ko dushe ba. Ina son in san inda ake sayar da irin wannan biron."

Shugaba, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya duba agogonsa.

"Amma mako na tara babu komai," sufeton ya ci gaba. "Kuma yana cikin jarrabawa. Tambaya shida cikin arba'in."

Ya tashi, ya ɗauki alli, ya rubuta a allo: 156 a raba 12.

Bai gama ajiye allin ba Baba Almakashi ya ce, "Sha uku."

"Ta yaya, Baba?"

"Inci ɗari da hamsin da shida ai yadi huɗu ne da ƙafa ɗaya. Kowane yadi ƙafa uku. Sha biyu da ɗaya. Ko jikata ta san wannan."

"Jikarka ba ta sani ba," wata murya ta ce daga gaba. Uwar Tagwaye ce, mai ɗinkin kayan makaranta. "Ranar nan ita ta auna min ƙugu, ta ba ni na mutum biyu."

"Ai gaskiya ta auna, Hajiya."

Ajin ya kwashe da dariya. Sufeton bai yi ba. Ya goge allon, ya rubuta: 391 a raba 17.

Dariyar ta tsaya. Dogo ya zare tef daga wuya, ya dube shi, ya mayar. Sha bakwai ba ta cikin yadi, ba ta cikin ƙafa. Baba Almakashi ya ce ba a taɓa kawo masa ɗinkin da ake raba shi sha bakwai ba, kuma in aka kawo zai ce a kai wa maƙwabcinsa. Malama ta tsaya jikin taga, hannuwanta a baya. Fankar sama na juyawa tana ƙara.

Uwar Tagwaye ta sunkuya kan littafinta. Ta rubuta 391, ta cire sha bakwai, ta ja layi a gefe. Ta sake cirewa, ta sake jan layi. Bayan layi na biyar ta tsaya, ta yi tsaki, ta cire tamanin da biyar gaba ɗaya, ta ja layi biyar. Wasu huɗu suka leƙa suka bi hanyarta. Sufeton na duban agogon hannunsa.

"Ashirin da uku," ta ce. "Ba saura."

"Daidai. Minti bakwai." Ya juya ga Malama. "Jarrabawar awa biyu ce, tambaya arba'in. Minti uku kowace. Kuma mai duba takarda ba ya ba Baba maki a kan abin da ke cikin kansa, sai ya ga layukan aikin."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Kin san dalilin da aka sa rabawa a mako na tara?"

"Don kada a manta da ita."

"Shi ke nan dalilin. Ba wani sirri."

Bai tafi ba. Ya ba su tambaya huɗu daga rabi da kwata, uku daga awo, biyu daga faɗi da tsawo, wanda manhaja ta ajiye a mako na ashirin da takwas. Ya bi benci-benci yana duba littattafai. A tambayoyin kwata mutum goma sha bakwai suka ci duka. Ya ce a sauran cibiyoyi nan ne ajin ke zubewa, in ma an samu waɗanda suka kai makon. Ya nemi rajistar halarta, ya duba ta sau biyu.

Ƙarfe shida saura kwata ya ciro takardar. Ya rubuta layi uku a ƙasanta, ya karanta su da ƙarfi: ajin zai zauna jarrabawa, za a koyar da doguwar rabawa a rubuce cikin mako huɗun da suka rage, shi zai dawo ranar da bai faɗa ba. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Alhamdulillahi," in ji Dogo, ya kwanta da baya har bencin ya ɗaga.

Shugaba ya raka sufeton zuwa mota yana gaya masa cewa dama cibiyar na ba malamanta 'yancin gwada sababbin hanyoyi. Malama ta zauna a kujerar da aka kawo wa baƙon. Sai a lokacin ta ga allin da take riƙe da shi ya narke da gumi a tafin hannunta.

A gida ta tarar da mahaifiyarta a tsakar gida tana ninke wanki. Tsohuwar ta koyar a firamare shekara talatin da ɗaya kafin ta yi ritaya, ba ta taɓa tsallake mako ba, kuma tun farko ta ce wannan tsarin na 'yarta shiririta ne.

"Sun sa hannu, Mama."

"To, madalla. Allah ya rufa asiri."

"Amma sai na koyar da doguwar rabawa cikin mako huɗu."

"Kin iya?"

"Na iya yi. Koyarwar ce ban taɓa ba."

Tsohuwar ta ajiye zanen da ke hannunta. Ba ta ɓoye jin daɗinta ba.

"Ɗauko takarda da fensir. Ki zauna nan, ba can ba. Kuma kada ki kawo min maganar tef."

"Da tef ɗin zan fara musu, Mama."

"Ki fara musu da abin da kika ga dama. Ni dai daga farko zan fara miki."