Gidan Gwajin da Aka Ba Kubura

Shekara arba'in da ɗaya Badaru ya yi yana ɗora tubali a kan tubali a ƙauyukan Baure, amma ran nan sai ga shi a kan bencin 'yan firamare, gwiwoyinsa na neman taɓa haɓarsa, ana koya masa ginin ƙasa.

Mai koyarwar, Injiniya Munzali, daga ofishin tsara gidaje aka turo shi. Ya buɗe takarda ya karanto wa maginan da aka tara cewa bincike ya gano ƙasa ta fi bulo sanyi, kuma ba ta cutar da muhalli. Badaru ya ci gaba da tauna goronsa. Wannan ofishin ne, shekara shida baya, ya bi ɗakunan da Badaru ya gina yana shafa musu jan fenti, wai ginin ƙasa ci baya ne. Yanzu an yi wa ƙasar wanka an raɗa mata sabon suna, wai gini mai ɗorewa, kuma babu maginin da zai taɓa filin da aka yanka wa waɗanda ambaliya ta rusa wa gidaje sai ya nuna takardar shaida.

Ba takarda ce ta kawo shi ba. Ƙanwarsa Kubura, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yan mata uku, ita ce ta farko a jerin waɗanda ambaliyar ta shafa, kuma ita za a ba gidan gwaji.

Da aka fita fili, ya tarar da tirela ta juye ƙasa. Ya ɗebi kaɗan, ya jiƙa, ya dunƙule. Yana buɗe hannu ta wargaje.

"Injiniya, wannan yashi ne. Ƙasar gini tana kududdufin bayan gari, ga shi can kana hangowa."

Munzali ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho mai yawan magana. "Baba, an auna ta a ɗakin gwaji. Ta kududdufinku ba ta cikin tsari."

"To, yaɓen fa? Da makubar ɗorawa za a yi?"

"Da siminti."

"Siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa zai shiga ta baya ya zauna."

"Haka tsarin ya ce, Baba."

Cikin wata biyu gida ya tashi, fari fat. Babu zaure, ƙofar ɗakin mata na kallon titi. Rufin kwanon ko taku ɗaya bai fito ya kare bango ba. Liman ne ya lura ban ɗaki na fuskantar alƙibla. Kwamitin aikin ya zauna har sau uku a kan wannan, aka rushe aka juya shi. Maganar bango kuwa ko sau ɗaya ba ta shiga zaman ba.

Ranar buɗewa aka zo da motoci tara. Aka tsayar da Kubura a bakin ƙofa da makulli a hannu, aka ɗauki hoto, aka tafi tun kafin la'asar.

"Ba za ki kwana a ciki ba," in ji Badaru.

"Yaya, in ban shiga ba cire sunana za su yi. Ina zan kai yaran nan?"

"Gidana. Zan ja miki ɗaki biyu a bayan rumbu."

Ta daɗe tana juya makullin. Tunda take ba ta taɓa mallakar ko bukka ba. Ta yi kukanta, sannan ta ɗaure kayanta ta bi shi. Bayan mako uku takarda ta iso: an soke sunanta saboda ƙin ba da haɗin kai.

Ruwa na huɗu na daminar ya sauko wata Laraba da hantsi. Yaɓen simintin ya fara ɓallewa falle-falle, sannan bangon gabas ya durƙushe, kwano ya biyo shi. A ɗakin nan ne aka tsara 'yan matan za su riƙa kwana.

Munzali ya dawo da jaka da rahoto rubutacce tun daga ofis. A gaban mai gari ya karanta: gidan ya faɗi ne saboda wadda aka ba ta ƙi zama a ciki balle ta kula da shi, sannan maginan karkara ba su fahimci tsarin ba. Mai gari ya sa hannu. Badaru bai tsaya jin ƙarshe ba, ya koma kan aikinsa.

Yana cikin cuɗa ƙasa da ƙafa, wando naɗe zuwa gwiwa, sai ga Munzali shi kaɗai. Ya tsaya daga nesa don kada taɓo ya taɓa masa takalmi. Ya kalli ɗakunan Kubura da ruwa ya daka bai bar ko tsaga ba. Ya waiga hagu da dama.

"Baba, akwai wata magana. Ɗakin mahaifiyata a Mashi ya zube. Ta ce ita ba ta iya zafin bulo. Ko za ka je ka gina mata? Irin naka nake so. Amma don Allah kada a ji a ofis."

Badaru bai daina cuɗa ba.

"Ƙasar unguwarku ja ce ko baƙa?"

 Munzali ya duba jakarsa kamar amsar na ciki.

"Zan tambayo," in ji shi.