Zaman Makoki a Shagon Baba Shauki

"Ke Nermin, fito! Mata sun fara kuka a ƙofarki!"

Nermin ta yar da burushin fenti ta fito a guje. Kujerun da ta jera sahu biyu a gaban shagon saboda masu zuwa kallon zane-zanenta duk sun cika da mutanen unguwa, kowa ya sunkuyar da kai. Hamada mai gahawa yana ta zagayawa da faranti.

"Hamada, me ka raba musu?"

"Gahawa ba sukari mana. Haka kika ce."

"Ni ce ba na shan sukari, sakarai, ba duk Iskandariyya ba!"

Sai a lokacin ta ga abin da kowa ya gani. Ga kujeru sahu-sahu, ga gahawa mai ɗaci irin ta makoki, ga kuma ƙaton zanen Baba Shauki tela a bayan gilashi, ta zagaye shi da baƙin katako. Shi ne ya ara mata wannan shago da ya daɗe a rufe, da sharaɗin kada a ji ko tari.

Ummu Sabri mai burodi ta ruƙunƙume ta. "Allah ya jiƙansa, 'yar nan. Masifaffe ne, amma namu ne."

"Wa ye masifaffen?"

Baba Shauki ne tsaye da sandarsa da jakar magani. Mata suka watse da salati. Hamada ya saki faranti.

Tsohon ya daɗe yana kallon zanen. "Kin ƙara mini hanci," ya ce. Ya ja kujera ya zauna. "Ku ci gaba, ina so in ji wa zai yabe ni."

Nermin ta fara sakin numfashi ke nan sai tasi ta tsaya. Wani mutum mai kwat ya fito riƙe da sabon kwaɗo, ya miƙa wa Baba Shauki hannu.

"Sannu da haƙuri, Alhaji. Ni ne ɗan mai ginin nan. Tunda ɗan haya ya rasu, shago ya dawo hannunmu."

"Ni ne mamacin."

Mutumin ya dube shi, ya dubi zanen, sannan ya juyo kan Nermin yana murmushi.

"Madalla. To wa ya ba mamaci izinin saka wata a shagonmu?"