Hoton da Aka Liƙa a Unguwa

Shekara ashirin da biyu mai hoto ya yi a shagon nan, bai taɓa barin mutum ya fita da ƙurji a fuska ba. Ko ba ka roƙa ba zai share maka. Tabo, ramin ido, haƙorin da ya dafe, duk sai ya bi su a kwamfuta, kana tsaye kana cewa sauri kake yi. Hannunsa ya riga ya saba, ba ya jiran izinin kansa.

Ɗiyar ƙanwarsa, wadda ake kira 'Yar Gayu, shekararta tara. An haife ta da wata cuta da likita ma sai da ya buɗe littafi kafin ya faɗi sunanta. Fatarta ba ta jure taɓawa. Ɗinkin riga ya goge ta, sai wurin ya yi bororo ya fashe kamar ƙunar ruwan zafi. Bandejin da ba ya manne wa ciwo daga nesa ake kawo shi, kuma ya riga ya cinye keken ɗinkin uwar da babur ɗin uban. Duk da haka yarinyar nan ba ta yarda a naɗe ta a karkace. Sai ta ce a warware a sake, ita ba buhu ba ce.

Da abin ya fi ƙarfin gida, maƙwabta suka kafa kwamiti, suka ɗora wata tsohuwar nas da kowa ke kira Sista. Aka sa ranar Asabar za a yi tattaki, likita ya yi wa jama'a bayanin cutar, a zagaya da kwali. Abin da ya rage hoton da za a buga a fosta, to ga kawu mai hoto, wa za a nema?

Ya ɗauka ranar Litinin bayan an yi mata wanka, kafin a naɗe ta. Da ya koma shago ya buɗe hoton, sai ya ce bari ya ɗan gyara haske. Daga haske ya gangara wuya, daga wuya ya sauka hannu. Kafin ya ankara babu ciwo ko ɗaya a jikinta, har yatsun da suka fara mannewa ya raba mata su. Ya danna ajiye a kan na asalin, ya goge katin kyamara kamar kullum. Kuma maimakon ya kai wa Sista, rawar kai ta sa ya fara biyawa gidan ƙanwarsa.

'Yar Gayu ta daɗe tana kallon hoton.

"Kawu, ashe haka nake daga ciki?"

"Haka kike mana."

"Wannan za a liƙa? Kowa ya gani?"

"Shi za a liƙa," ya ce, yana jin kansa a sama.

Da ya kai wa Sista, ta sa tabarau, ta duba, ta cire tabarau.

"Malam, wannan tallar man shafawa ce? Wa zai ba yarinyar nan ko sisi? Ta fi jikata lafiya."

"Sista, yarinya ce, tana son..."

"Na san abin da take so. Ni na san abin da take bukata. Saura bandejin kwana goma a gidan nan. Mutane ba mugaye ba ne, amma aljihu sai ya ga ciwo yake buɗewa. Kawo na asalin."

Babu na asalin. Mai buga fosta kuma ya ce in ba a kawo kafin ƙarfe huɗu ba sai wani mako. Haushin Sista ya kama mai hoto, ya fi jin haushi da ya san gaskiya ta faɗa.

Ya koma gidan ƙanwarsa ya ce sai an sake ɗauka. Ta saurare shi a bakin ƙofa, hannunta da kumfar wanki.

"Yaya, da safen nan na naɗe ta. Ka san abin da warwarewa take nufi?"

Ya sani. Bai taɓa zama ya gani ba ne kawai. Ranar ya gani. Uwar ta jiƙa bandejin da ruwan ɗumi tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, inda ya kama sai ya taho da fata. Yarinyar ta cije gefen matashi. Aka kusa awa guda ana abu ɗaya. Da aka gama ta share ido da kafaɗa, ta gyara zama, ta kalli kyamara ta yi murmushi, don haka ya koya mata tun tana rarrafe.

"Daina murmushin," ya ce. "Ɗaga hannuwan. Juyo da su."

Ta ɗaga.

"Wannan ma za ka gyara, Kawu?"

Ya yi kamar yana duba batir.

A faɗi gaskiya, tattakin ya yi kyau. Titi ya cika, likita ya yi bayani har makogwaronsa ya bushe, mutane suka yarda cutar ba a ɗaukarta, ba kuma baki aka yi wa kowa ba. Wata mata ta zo daga bayan kasuwa da jariri a zane, ta ce nata ma haka yake, wata huɗu tana ɓoye shi. An tara abin da zai kai gidan wata takwas. Sista ta yi kuka a gaban jama'a, ba ta ji kunya ba.

Fostar kuwa babu inda ba a liƙa ba, har jikin turken wuta da ke daidai tagar ɗakin yarinyar. Mai hoto ya riƙa zagaye layin ta baya. Kunya ce ta hana shi shiga gidan, mako uku cur.

Da kwalayen bandeji suka iso, Sista ta aiko a ɗauki hoton godiya don waɗanda suka bayar. Mai hoto ya ce a ransa wannan karon nasa ne. Ya ɗauko fitilarsa mai kyau da labulen shago mai ruwan sama, ya saya mata ƙaramin ɗankunne a hanya. Ya shiga yana tsokanarta tun daga tsakar gida, wai ina 'Yar Gayu, ina gimbiyar layi.

Tana zaune a bakin gado, an naɗe ta tsaf da sabon bandeji. Ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Sai idonta ya sauka kan kyamarar da ke wuyansa. Ta kai hannu baki, ta kama bakin bandejin da haƙori ta fara ja.

"Ke, me kike yi? Bari!"

"Bari in cire, Kawu," ta ce. "In da shi ba sa bayarwa."

Ya tsaya da labulen a hammata. Uwar ta shigo da gudu ta riƙe mata hannu, amma jini ya riga ya fito ta farin bandejin.