Kaya a Kafaɗa

Shekarar da aka mai da Minna babban birnin jiha, Irimiya ya samu aikin tuƙin mota a wata ma'aikata. Damina na ɗaukewa ya koma ƙauyensu da ke bayan Maikunkele ya kwaso iyalinsa. Matarsa Phoebe ba ta yi masa gardama ba. Ko bangon duniya ya ce, da ta bi shi, domin har yanzu in ya yi murmushi sai ta ji ƙirjinta ya buga kamar ranar da ya fara tare ta a hanyar rafi. Ta goya ƙaramin ɗansu Ayuba, suka hau bayan akori-kura tare da tabarmi da tukwane.

'Yarsu Rose ce ta ba da wahala. Shekararta shida, kuma tun da aka yaye ta a ɗakin kakarta take kwana, wato mahaifiyar Phoebe. Sai da aka ɓamɓare yatsunta daga zanin tsohuwar. Ba ta daina kuka ba sai da Kaka ta yi mata alkawari cewa duk hutun makaranta, ita da ƙafarta za ta zo birnin ta tafi da ita.

Suka kama ɗaki a wani gidan haya a Tunga. Gidan cike yake da Nufawa da Yarbawa da Hausawa, famfo kuwa ɗaya ne, can a bakin layi. Washegari Phoebe ta je ta cika daronta, ta cicciɓa ta ɗora a kafaɗa, ta tallafe da hannu kamar yadda matan Gbagyi suke yi tun kaka da kakanni. A wurinsu kai abin girmamawa ne, ya riga ya ɗauki tunanin mutum, ba a ƙara masa wani nauyi. Ba ta taɓa sanin cewa wannan abin kallo ba ne sai da ta ji an fashe da dariya a bayanta.

"Baiwar Allah," in ji Bintu mai ƙosai, "kan nan naki ne kuwa, ko ajiyarsa aka ba ki?"

Ba mugunta Bintu ta nufa ba, don ita ce ma ta fara miƙa wa Ayuba ƙosai kyauta. Amma suna ya riga ya bi Phoebe. Daga ranar, kowa a layin Mai Kafaɗa yake kiranta. Ta kai ƙara wurin Irimiya tana hawaye, ya ce ta share su, kwana kaɗan za su gaji. Shi da ke wuni a mota sanye da kaki, ina zai san zafin tsayuwa a layin famfo mata suna zunɗen mutum da baki?

A ƙarshe ta roƙi Bintu ta koya mata naɗa gammo. Wuyanta ya yi tsami, ruwa ya sha jiƙa mata riga, kuma duk sanda ta ɗora daron a ka sai ta ji kamar ta yi wa uwarta ƙarya. Sannu a hankali ta iya, sunan ma ya fara gushewa.

Sai ga Rose wata rana ta dawo da ɗan bokitinta a kafaɗa, yara na biye da ita suna kwaikwayon tafiyarta. A ranar Ayuba na fama da zazzaɓi, tuwo kuma ya kama a tukunya. Phoebe ta fizge bokitin, ta kai wa yarinyar ranƙwashi.

"Nan birni ne. Ƙauyawa ne ke ɗaukar kaya haka, kunya suke ba mutane. Kada in ƙara gani."

Kafin yamma ta manta ta faɗa.

Hutun Kirsimeti na zuwa, Kaka ta cika alkawari. Da la'asar ta taho a ƙasa daga tasha, ƙatuwar ƙwarya a kafaɗarta an jera doya da gyaɗa har sun wuce tsayin kanta. Phoebe na ƙofar gida ta hango ta, ta kuma hango yaran layi sun jeru a bayanta. Rose na bakin famfo tare da ƙawayenta, bokiti a ka. Tsohuwar ta tsaya, fuskarta ta cika da fara'a, ta kira jikarta da yarensu.

Rose ta dubi ƙawayenta tukuna. Sannan ta amsa da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Kaka, ki sauke kayan nan. Mama ta ce ƙauyawa ne ke yin haka, kunya suke ba mutane."

Kaka ta daɗe tana kai doya kasuwa, Hausarta ta isa ta gane. Bintu ta bar kaskonta a wuta, ta kori yaran da tsawa, ta zo ta karɓi kayan tana yi wa baƙuwa sannu da hanya. Tsohuwar ba ta ko kalli Rose ba. 'Yarta ta kalla, kallo ɗaya.

A ɗaki Kaka ba ta tayar da maganar ba. Ta ci tuwo ta yaba, ta yi wa Ayuba wasa, ta tambayi Irimiya aiki. Phoebe ta so a zage ta ko ta samu sauƙi, ba a zage ta ba. Rose kuwa, da ta ga babu idon kowa, ta hau cinyar kakarta ta lafe kamar dā, har Phoebe ta fara sa rai abin ya wuce.

Da safe aka ɗaure wa Rose kayanta, aka zuba wa Kaka gishiri da sabulu da burodi a ƙwaryarta. Suna shirin fita yarinyar ta toge a bakin ƙofa. Ta tambaya ko ta gaban famfo za a bi. Da aka ce babu wata hanyar, sai ta ce su yi gaba, ita za ta biyo su daga nesa. Irimiya ya ɗaga hannu, Kaka ta riƙe shi.

"Ba za a ja mini jika da duka ba. Ku kwance mata kayan."

Phoebe ce kaɗai ta yi rakiya. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar don ta rage wa uwarta, sai ta tsaya da ita a hannu, ta rasa inda za ta ɗora. Kaka ta karɓa, ta aza a kafaɗa ta yi gaba. Haka suka wuce famfon, matan suna gaishe su da wani irin ladabi da ya fi dariyar ciwo.

A tasha, ana loda mota, Phoebe ta durƙusa. Ta ce ranar yaro ba lafiya, ranta a ɓace yake, baki ne ya suɓuce. Ta ce, "Mama, ba ke nake nufi ba."

Tsohuwar ta gyara mata ɗankwalinta da ya zame.

"To wa kike nufi?"

Aka kira fasinjoji, Kaka ta shiga, Phoebe na tsaye a wurin har motar ta tashi.

Da ta dawo gida ta tarar Rose zaune kan ƙunshin kayanta, ta ƙi bari a kwance, ido ya yi jawur. Yarinyar ta tambaya ko Kaka za ta dawo wani hutun. Phoebe ta ce za ta dawo. Da hutun ya zo, wani direba ne ya kawo musu doya, ya ce tsohuwa na gaishe da yara.