Kwalbatin da Kunya Ta Cinye

Shekara da shekaru Sekove, mai unguwar bakin fadama a gefen birnin Suva, yana roƙon hukumar gari ta yi musu kwalbati, don da ruwa ya sauko sai hanyarsu ta koma kogi. Rannan aka aiko cewa masu auna ayyukan hukuma za su zagayo, kuma unguwar da ta fi shan wuya ita za a fara yi wa aiki.

To, mutanenmu sun gwammace su kwana da yunwa da a ce baƙo ya tarar da ƙazanta. Sekove ya sa aka yi shela. Maza suka yashe lambatu, suka cike ramuka da tsakuwar bakin teku, mata suka shimfiɗa ganyen kwakwa a kan sauran taɓon. Matarsa Salanieta ce kaɗai ta ƙi fita.

"Baban Litia, ranar wanka ba a ɓoyon cibi," in ji ta. "Ciwon za su zo gani, kai kuma kana ta rufe shi."

"Ke dai ji da rogonki. So kike baƙi su taka kashin alade a ƙofata?"

Baƙi suka iso takalmansu tas. Aka zaunar da su a tabarma, aka dama musu kava, abin shan da ake tarbar baƙi da shi, aka tafa bisa al'ada. Shugabarsu ta tambayi Sekove ko ruwa na damunsu. Wa zai yi wa baƙon da ya sha abinsa ƙorafi a gaban jama'a? Ya sunkuyar da kai ya ce yana ɗan taɓa su, amma da sauƙi. Ta yaba, ta ce ina ma kowa ya yi koyi da su.

Kwalbati ya tafi unguwar ƙetare, wajen ragwayen da ko tsintsiya ba su ɗauka ba. Sekove ya je hukuma yana rantse-rantse, aka ce masa abin da ido ya gani shi aka auna, sai kuma wani zagayen. Ya dawo gida baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Da damina ta kankama, zazzaɓi ya kwantar da Salanieta, mota kuma ta ƙi shigowa. Ya goya ta ya nufi titi, ruwa har cinyarsa. Duk tsawon hanya yana jira ta ce ai ta faɗa masa, ko ya ji sanyi a ransa. Abin da ta ce kawai shi ne ya taka a hankali, akwai rami a gaba.